Uba ya ce wa ɗansa "ka gafarta mini": girmansa ya zube ne?

Baban Iliya

Salama gare ku 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan wata magana tana cina a rai, na ga gara in kawo ta nan ko Allah ya sa in dace da wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki.

Makon jiya na ajiye wasu kuɗi cikin ambulan a ɗakina. Ba nawa ba ne ma, amana aka ba ni. Da na zo ɗauka sai na neme su na rasa. Babban ɗana, mai shekara 14, shi kaɗai ya shiga ɗakin a ranar. Na kira shi a gaban ƙannensa biyu na tambaye shi, ya ce bai gani ba. Raina ya ɓaci, na kira shi ɓarawo, na kira shi maƙaryaci, na kuma kwaɗa masa mari. Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, ban ɗauka ba."

Ran Talata na sa hannu a aljihun wata riga da na rataye a bayan ƙofa, sai ga ambulan ɗin, ko buɗe shi ba a yi ba. Ni na sa shi a wurin da hannuna, na manta.

Mahaifiyarsa kaɗai na gaya wa. Na saya masa takalmin da ya daɗe yana roƙona, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, har yau takalmin yana cikin kwalinsa. Ita kuma ta ce mini yaron nan ba takalmi yake jira ba.

Abin da ya hana ni barci jiya ya faru. A addu'ar safe muna bin Kolosiyawa, mun kai sura 3. Na karanta har aya 20, inda aka ce 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya, sai na rufe littafin na ce mu yi addu'a. Da na ɗaga kai na ga nasa a buɗe bisa cinyarsa, yatsansa a kan aya 21, wadda ta ce ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Bai ce uffan ba.

Shekara 9 ke nan ina dattijo a ikilisiyarmu. Ban taɓa jin mahaifina ya ba ɗansa haƙuri ba, kuma mai tsoron Allah ne na gaske. Yanzu ina tambaya: in nemi gafarar yaron nan? In zan nema, mu biyu a ɗaki ko a gaban ƙannensa? Ina tsoron in yi, daga ranar su daina ganin girmana.

Malam Ishaya

Ɗan'uwa, sannu da wannan nauyi. Zan faɗi abin da ba zai yi wa matasan zauren nan daɗi ba. Kira shi ɗaki, ku biyu, ka ce masa an ga kuɗin, magana ta wuce. Yaro mai hankali zai gane sauran. Ranar da ka sunkuya wa 'ya'yanka, gobe in ka tsawata sai ƙaramin ya ce a ransa, ai wancan karon ma Baba kuskure ya yi. Gida da kwarjinin maigida yake tafiya. Ka tuna da Eli. Shekara 40 ya yi yana shugabancin Isra'ila, amma Allah ya hukunta gidansa domin ya san muguntar 'ya'yansa Hofni da Finehas bai kwaɓe su ba (1 Sama'ila 3:13). Sanyin uba ya rushe gidaje fiye da zafinsa.

Maman Tabita

Baba Ishaya, da girmanka, "an ga kuɗin" wa ya gan su, kuma a ina? Wannan maganar ta ɓoye mai laifi ne kawai. Yaron zai ji kamar kuɗin sun yi ƙafa sun tafi, sun dawo don kansu. Kuma ba a ɗaki aka kira shi ɓarawo ba, a gaban ƙannensa ne. Yau da safe ma yaran nan biyu a ransu yayansu ɓarawo ne. Wa zai cire musu wannan in ba wanda ya sa musu ba?

Fasto Danjuma

Baban Iliya, na gode da ka faɗi abin yadda yake, ba ka shafa masa mai ba.

Malam Ishaya, misalin Eli gaskiya ne amma ba nan ne mazauninsa ba. Eli ya ga zunubi a gidansa ya ƙi hukunta shi. Ɗan'uwanmu ya hukunta wanda bai yi zunubi ba. In ma za mu ɗauki darasin Eli, to zunubin da ke gidan nan yau na uban ne, kuma shi ne ake neman a rufe da shiru.

Labarin da ya fi kama da wannan a wurina shi ne na sarki Dauda da ɗansa Absalom. Absalom ya yi shekara 3 a Geshur, Dauda ya yarda a dawo da shi Urushalima, amma ya ce kada ya ga fuskarsa. Haka suka zauna shekara 2 cur, gari ɗaya, uba da ɗa, ba magana (2 Sama'ila 14:28). Sai da Absalom ya sa aka cinna wa gonar Yowab, shugaban sojojin Dauda, wuta kafin a saurare shi. Da aka kai shi gaban sarki, sarki ya sumbace shi, shi ke nan, ba a rubuta cewa sun tone abin da ke tsakaninsu ba, ko maganar fyaɗen da aka yi wa Tamar, 'yar'uwar Absalom, da Dauda ya ji ya husata ƙwarai amma bai yi komai ba. Sura ta gaba tawaye ne. Absalom yana da nasa babban laifin, ɗanka kuwa ba shi da ko ɗaya, amma sumbar nan da takalminka 'yan gida ɗaya ne. Kyauta ce aka miƙa a inda ake bukatar magana.

Ubangiji kuma ya riga ya faɗa mana abin yi a Matiyu 5:23-24. In ka kawo baikonka bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Bai ce sai in ɗan'uwan ya girme ka ba. Yaron da kake addu'a da shi kowace safiya, kuna ce wa Allah "Ubanmu" tare, ɗanka ne, ɗan'uwanka ne kuma.

Istifanus

Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ni ɗan dattijon ikilisiya ne. Mahaifina inuwar giginya ne, na nesa ka sha sanyi. A majami'a shi ake kira in aure ya rikice, ya zauna da mutane har dare yana lallashi da murya mai taushi. Mu a gida da mun ji ƙarar buɗe ƙofarsa kowa sai ya nemi lungu. Har yau ina iya tuna yadda muryarsa ke sauyawa daga bakin ƙofar majami'a zuwa bakin ƙofar gida. Ba dūkan ne ya fi yi mini ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ran Lahadi in gan shi a gaba yana jagorar addu'ar furta zunubi, alhali ni ban taɓa ganin zunubi ɗaya da ya amsa a gabanmu ba. Sai na ɗauka duk abin wasan kwaikwayo ne. Ina da shekara 19 na daina zuwa sujada, sai da na haura 30 na dawo, shi kuwa ya riga ya rasu.

Baba, ɗanka ya san ka ga kuɗin ko bai sani ba, ya san bai ɗauka ba. Yatsan nan da ya ɗora a kan aya 21 tambaya ce yake maka: littafin nan yana da iko a kanka kai ma, ko a kanmu kaɗai?

Malam Ishaya

Istifanus, Allah ya warkar da zuciyarka. Amma kada mu mai da kowane uba mai tsanani azzalumi. Afisawa 5:23 ta ce miji shi ne shugaban matarsa, 1 Timoti 3:4 ta ce dattijo ya iya sarrafa gidansa, 'ya'yansa suna masa biyayya da ladabi. Joshuwa da ya tsaya a Shekem ya ce shi da gidansa Ubangiji za su bauta wa, bai tara yara ya nemi ra'ayinsu ba. Allah ya sa tsari a gida, in kai ya koma ƙasa jiki ba zai miƙe ba.

Rifkatu

Baba Ishaya, ba wanda ya ce a rushe tsari. Amma wane irin shugabanci ne Yesu ya bar mana? A Markus 10 ya ce sarakunan al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, ya ce kada ya zama haka a tsakaninmu. A Yohanna 13 ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, da ya gama ya sa rigarsa ya zauna ya ce suna kiransa Malam da Ubangiji, kuma daidai ne, haka yake. Ya sunkuya har ƙasa, ya tashi yana nan Ubangijinsu.

Malam Ishaya

'Yata, wanke ƙafa hidima ce, ba amsa laifi ba ne. Yesu bai taɓa neman gafarar kowa ba.

Fasto Danjuma

Gaskiyarka Malam, domin bai taɓa yin laifi ba. A nan ne muka bambanta da shi, shi ya sa dole mu duba yadda shugaban da ya yi laifi yake yi. Dauda sarki ne, yana da ikon sa a kashe annabi Natan nan take, amma ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Bai tsaya nan ba, tubansa ya zama Zabura 51, da sunan Batsheba a kan waƙar, aka miƙa wa shugaban mawaƙa, talakawansa suna rerawa. Saul kuwa da Sama'ila ya kama shi a 1 Sama'ila 15, ya ce ya yi zunubi, amma a numfashi ɗaya ya roƙa a girmama shi a gaban dattawa da jama'a. Duba wanda sarauta ta tsaya a gidansa cikin su biyun.

Kalmar "sarrafa gida" kuma, Bulus ya fassara ta da kansa a 1 Timoti 3, aya 5: wanda bai iya da gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Kulawa ce ake aunawa.

Danladi

Kowa yana maganar ba da haƙuri, ba wanda ya tsaya kan yadda aka yanke hukuncin. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce ba a kama mutum da laifi a bakin shaida ɗaya. Nan ko ɗayan babu, zato ne. Karin Magana 18:13 ta ce mai amsawa kafin ya saurara ya yi wauta. Muna son jawo ayar sanda, amma horo yana da dalili, yana da ma'auni, ana yinsa bayan an tabbatar. Marin da ya fito daga fushi ba horo ba ne, Yakubu 1:20 ta ce fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Ɗan'uwa, in za ka nemi gafara, ka ambaci marin da sunansa. Ko da ya ɗauki kuɗin ma, ba haka ake yi ba.

Mama Ladi

Ku yi mini haƙuri in ɗan karkata. Ni sha'awar Maman Iliya nake yi, don tana da mijin da ke tara iyali da safe har ya rasa barci saboda aya ɗaya. Nawa mutum ne mai kirki, yana ciyar da mu, ba ya zagi, amma maganar addu'a a gida ba ruwansa. Shekara 11 ni nake tara yara da dare mu karanta mu yi addu'a, shi yana gefe da wayarsa. Wata ta ce mini wai na ƙwace masa matsayi, in bari har Allah ya taɓa shi. In na bari, yaran fa?

Maman Tabita

Yaya Ladi, kada ki bari. Timoti wa ya koya masa? Bulus ya ambaci kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5), ya ce tun yana jariri ya san Littattafai. Mahaifinsa Bahelene ne, ba a ce ya koya masa komai ba. Da matan nan biyu sun zauna jira, da ba mu da wasiƙu biyu masu sunansa.

Rifkatu

Akwai kuma Suzana Wesli a Ingila, mahaifiyar Jon da Cals Wesli, waɗanda suka fara ɗarikar Metodis. Ta haifi 19, kusan rabinsu suka mutu suna jarirai. Mijinta ma fasto ne, amma a sanyin 1711 zuwa 1712 yana Landan wajen taron ikilisiya, sai ta fara tara yara da masu aikin gidan da yammacin Lahadi. Maƙwabta suka ji suka riƙa zuwa har suka kai wajen 200. Abin da ya fi burge ni ba taron ba ne. Ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako, su biyu kawai, daren Alhamis na Jon ne. Sai Monika a arewacin Afirka, mijinta mai zafin rai ne kuma ba mai bi ba, sai dab da mutuwarsa aka yi masa baftisma. Ɗanta Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, ya kai shekara 32 kafin a yi masa tasa a Milan a 387, ita kuma ta rasu a shekarar.

Fasto Danjuma

Mama Ladi, ba ki ƙwace komai ba, kujerar da aka bari babu kowa kika tsare. Abu ɗaya zan ƙara. Maza da yawa ba ƙi suke yi ba, kunya ce, suna ganin matarsu ta fi su iya addu'a, suna tsoron su buɗe baki su yi tuntuɓe a gaban yara. Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1529 Martin Luta ya rubuta ƙaramin katekisim bayan ya zaga ƙauyuka ya ga mutane ba su san ko Addu'ar Ubangiji ba, ya tsara shi tambaya da amsa domin maigida ya iya koya wa iyalinsa a sauƙaƙe. Ki ba shi ƙaramin abu. Ki ce, Baban yara, karanta mana aya biyun nan, idona ya gaji. Kada ki gyara masa karatu a gabansu. In ya ƙi, ki ci gaba da abinki ba da gori ba, kamar yadda 1 Bitrus 3:1 ta ce.

Baban Iliya, kai ma ka lura, amsar tambayarka tana cikin gidanka tun ran Talata. Matarka ta faɗa maka. Allah da kansa ya taɓa ce wa Ibrahim ya saurari Saratu (Farawa 21:12).

Malam Ishaya

Na karanta duka. Maganar Saul ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina kan cewa a ɗaki ya fi. Ƙananan ba su da hankalin da za su ɗauki abin yadda kuke zato.

Baban Iliya

'Yan'uwa, na dawo. Na gode wa kowa, har da Malam Ishaya, don tsoron da ya faɗa shi ne nawa.

Daren jiya na fara kiransa ɗaki. Na ɗauko ambulan ɗin na ajiye a kan gado tsakaninmu, na gaya masa inda na same shi da ranar da na same shi. Da ya ji tun Talata ne sai ya ɗago kai. Wannan kallon ya fi mini komai zafi, don na gane kwanakin da na yi shiru laifi ne na biyu. Na nemi gafararsa kan zargin, kan sunan da na kira shi, kan marin. Muryata ta riƙa rawa. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa, sannan ya ce, "Na yafe, Baba." Har na fara sakin numfashi sai ya ƙara da cewa, "Amma da ba ka ga kuɗin ba fa? Da har yanzu ni ɓarawo ne?"

Ban sami amsa ba. Gaskiyar ita ce e, da har yanzu ina masa kallon ɓarawo, alhali yaron nan bai taɓa ɗaukar mini ko allura ba cikin shekara 14. Na ce masa haka. Na ce ya kamata maganarsa ta ishe ni tun ranar, ba ta ishe ni ba, wannan ma ina neman gafara a kai.

Yau da safe na faɗa a gaban ƙannensa, a taƙaice, cewa yayansu bai ɗauki komai ba, ni na manta inda na ajiye, kuma na yi masa abin da bai kamata ba. Ƙaramar, mai shekara 6, ta tambaya ko ni ma za a hore ni. Mahaifiyarsu ta ce Baba ya roƙi Allah ya roƙi Yaya, an yafe masa. Muka koma Kolosiyawa 3, na karanta aya 21 da bakina.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Bai yi addu'a da ƙarfi ba yau ma, da na miƙa hannu zan dafa kafaɗarsa sai da ya ɗan noƙe kafin ya tsaya. Takalmin yana nan cikin kwali. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Istifanus

Baba, noƙewar nan za ta ɗauki lokaci, kada ka gaji. Na karanta saƙonka sau uku.

Malam Ishaya

Ɗan'uwa, ina da ɗa mai shekara 37. Yana aiko mini da abin da ya samu kowane wata, ba ya fashi, amma in ya kira wayar mahaifiyarsa yake kira. Akwai wata magana tsakaninmu tun yana makarantar sakandare, ni na san ta, shi ma ya san ta. Da ka shiga ɗakin nan ka zauna, da wace kalma ka fara?

Baban Iliya

Baba, sunansa na fara kira. Sai na ce, "Zauna, ba faɗa zan yi maka ba. Ni ne na yi maka laifi."